Daga Tauraro Zuwa Haƙorin Bokiti: Yadda Ake Saita Injin Haƙa a Ma'adinar Yashin Kwalta

Duk wanda ya yi aikin haƙa a Gombe, na hanya ko na magudana ko na fasa dutse, ya san tsohon tsari. Safiyo ya zo da sassafe ya kafa fegi, ya ɗaura jan ƙyalle, ya rubuta zurfin da za a sauka. Kafin azahar tifa ta take rabin fegin, ragowar aikin kuma afareta ya ƙarasa da ido. Ido kuwa ba mudu ba ne, ko da ya san kima. A ƙaramin aiki ana yafe kuskuren taƙi ɗaya. A ma'adinar yashin kwalta wannan taƙin kuɗi ne masu yawa, shi ya sa a can aka fi ƙwarewa wajen jagorantar injin haƙa da tauraron ɗan'adam, kuma misalin can za mu bi.

Manyan ma'adinan suna yankin Atabaska, arewa da garin Fort McMurray a lardin Albata na Kanada. An buɗe ta farko a 1967, wadda yau take hannun kamfanin Suncor, sai Syncrude ya biyo baya a 1978. Abin da ake haƙowa yashi ne haɗe da laka da ruwa da kwalta mai kauri. A wuri mai kyau kwaltar kan kai kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari na nauyin yashin, kuma sai an kwashe kusan tan biyu kafin a sami gangar mai ɗaya. Kusan kashi 20 cikin ɗari na arzikin ne kawai yake kusa da sama, bai wuce zurfin mita 75 ba, inda ake iya buɗe rami; sauran ta rijiya ake fito da shi, galibi da tururi. A Nijeriya irin wannan yashi yana jihohin Ondo da Ogun da Edo, wajen Agbabu da kewayenta. Man Kolmani na kan iyakar Bauchi da Gombe na rijiya ne, kada a haɗa su. Amma sana'ar da za a bayyana nan ita ce dai za ta yi wa mutum amfani a ramin dutsen siminti irin na Ashaka, ko na kwal irin na Maiganga, ko wajen yanke gefen titi da haƙa hanyar ruwa a gonakin Dadin Kowa.

Me ya sa ake wannan tsanani? Yashin kwalta ba ya kwanciya wuri ɗaya kamar tuwo a kwano. Shimfiɗa-shimfiɗa yake, mai kwalta a nan, laka a samansa, wani mai kwalta a ƙarƙashi. A ƙa'idar Albata, yashin da kwaltarsa ta kai kashi 7 cikin ɗari shi ake ɗauka ma'adini a kai masana'anta, abin da bai kai ba a kai juji. Idan laka ta bi mai kyau zuwa masana'anta, tana hana kwalta rabuwa da yashi cikin ruwan zafi, ta kuma ƙara taɓon da ke taruwa a tafkunan shara. Idan mai kyau ya bi laka zuwa juji, ya tafi ke nan. Ka yi lissafi: zarce zurfi da santimita 10 a fili mai hekta ɗaya ƙasa ce mai cika kubik mita 1,000, wajen tan 2,000, wato lodi biyar zuwa shida na babbar tifa Caterpillar 797 mai ɗaukar tan 360 da 'yan kai.

Abu ɗaya ya kamata mai koyo ya riƙe tun daga nan. Tauraro bai san haƙorin bokitinka ba, eriyar da ke bayan inji kaɗai ake gane wurinta da shi. Daga eriya zuwa haƙori lissafi ne da aka gina kan awon da mutum ya yi da hannunsa. Duk kuskuren da aka yi a awon nan, allon da ke gaban afareta zai maimaita shi kullum da fuska a sake, ba tare da ya yi ƙara ba.

Kayan da ke cikin tsarin

A sama akwai taurarin GPS na Amurka, masu kewayawa a nisan kilomita 20,200, da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Ka sayi na'urar da ke karɓar dukkansu, kuma a zangon sigina biyu ko fiye. Wayar hannu takan gane wuri da kuskuren mita uku zuwa biyar. Don a sauko zuwa santimita ana amfani da hanyar da ake kira RTK: a kafa na'ura ɗaya a wurin da aka san lambobin matsayinsa a taswira sarai, ita ce tashar tushe, ta riƙa auna kuskuren siginar tana aika gyara ga injin duk daƙiƙa, ta rediyo ko ta intanet. Da wannan gyara eriya kan gane wurinta da kuskuren santimita ɗaya zuwa biyu a kwance, biyu zuwa uku a tsaye.

A jikin eskabeta ana sa eriya biyu a baya, ɗaya ta wuri, ɗaya ta alƙibla, domin eriya ɗaya ba za ta faɗa maka ina inji ya fuskanta ba. Sai na'urorin auna karkata guda huɗu: a gangar jiki, a babban hannu da makanikai ke kira bum, a ƙaramin hannu, da kan ƙarfen da ke juya bokiti. Sai rediyo, da allo a ɗakin afareta. Manyan shebur na lantarki masu igiyar ƙarfe, irin P&H 4100 da Cat 7495 da ke kwasar kusan tan 100 a ɗiba ɗaya, nasu ya bambanta kaɗan: ana ƙirga juyin gangar da ke naɗe igiya da tsawon da sandar bokiti ta fita. Trimble da Leica da Topcon suna yin na eskabeta, Caterpillar da Komatsu suna da nasu na ma'adinai. Suna ya bambanta, aikin ɗaya ne.

Tashar tushe

A nan aka fi yin kuskuren da ya fi tsada, domin idan tushe ya goce, duk injunan ramin sun goce tare, kuma babu wanda zai lura tunda sun yi daidai da juna.

Nemi tudu da sama take buɗe ta ko'ina daga digiri 10 zuwa sama. Ka nisanci rufin kwano, tankin ruwa, wayar babban layi, da wurin ajiye manyan motoci, saboda sigina na dukan ƙarfe ta dawo ta ruɗa eriya. Kada a kafa a bakin rami; bangon rami yana motsi a hankali yayin da ake cire masa ƙasa, ya tafi da tashar. A zuba ginshiƙin kankare, a kan dutse in akwai, a dasa ƙusa mai zare a kansa yadda eriya za ta koma gurbinta ɗaya ko an cire ta sau ɗari. A yankunan Gombe masu baƙar laka, wadda ke tsagewa da rani ta kumbura da damina, ginshiƙi marar zurfi zai hau ya sauka da santimitoci tsakanin Maris da Agusta. A haƙa har a wuce lakar.

Lambobin tashar ba a ɗaukar su da danna maɓallin da ke cewa na'ura ta ƙiyasta inda take. Wannan ƙiyasi kan kauce da mita ɗaya ko fiye, gobe kuma ya ba da wani daban. A bar na'urar ta naɗi bayanai na tsawon awa 24, a lissafa su tare da tashoshin dindindin. A Nijeriya akwai na NIGNET ƙarƙashin Ofishin Babban Safiyon Tarayya. Gwamnatin Kanada kuma tana da hidimar lissafi ta intanet mai suna CSRS-PPP da ke karɓar bayanai daga ko'ina a duniya. Da an samu lambobin a rubuta su a littafi, a kulle su cikin na'urar, a hana kowa taɓawa sai safiyo mai rajista. Tsawon eriya daga kan ginshiƙi a auna shi sau biyu, mutum biyu daban, kuma a tabbatar da wane gefen eriyar aka auna zuwa gare shi, domin gindinta da tsakiyarta suna da tazarar santimitoci.

Kuskure yana ƙaruwa da kusan milimita ɗaya a kowace kilomita tsakanin tasha da inji, saboda haka kada tazarar ta wuce kilomita 10. Eriyar rediyo a ɗaga ta sama iya iyawa; idan rami ya yi zurfi a sa mai maimaita sigina a gefensa. A nemi lasisin zangon rediyon. Wuta kuwa batir da sola, masu iya riƙe kwana biyu ko uku na hadari, tare da sandar tsawa da wayar ƙasa, don tashar da ke kan tudu ita tsawar farkon damina ke fara nema.

Daidaita taswira da ƙasa

Tauraro yana magana da WGS84, ma'aunin duniya da ake ba kowane wuri lambobi da shi. Tsofaffin taswirorinmu da duwatsun safiyo da yawa suna kan ma'aunin Minna. Wuri ɗaya a ma'aunan biyu yana iya bambanta da gomman mitoci. Haka tsawo: na'ura tana ba da tsawo daga wani siffantaccen ƙwallon lissafi, injiniya kuma yana aiki da tsawo daga matakin teku, sai an sa samfurin da ke haɗa su, irin EGM2008.

Akwai wani abu da ake yawan mantawa. Bauchi da Gombe duka suna shiyya ta 32 a tsarin UTM na raba taswirar duniya shiyya-shiyya, wadda tsakiyarta ke kan digiri 9 gabas. A garin Bauchi, da yake kusa da tsakiyar, kilomita ɗaya ta ƙasa tana raguwa da kusan santimita 30 a taswira. A garin Gombe tana ƙaruwa da kusan haka. Wannan tun kafin a sa lissafin tudun wurin. Wanda ya ɗauko saitin aikin Bauchi ya loda a Gombe ya ɗauko wa kansa rigima.

Maganin duka shi ne a daidaita wurin aiki. Safiyo ya ɗauki na'urar hannu ya hau kan duwatsun awo aƙalla biyar waɗanda suka kewaye ramin gaba ɗaya, ba waɗanda suka jeru a layi ɗaya ko suka taru a lungu ɗaya ba. Manhaja ta lissafa dangantakar ma'aunan biyu ta nuna ragowar kuskuren kowane dutse. Wanda ragowarsa ta wuce santimita biyu zuwa uku a bincike shi, wataƙila mota ta buge shi. Fayil ɗaya da ya fito daga nan shi za a loda wa kowane inji da kowace na'urar hannu. Biyu ba su halatta ba.

Ɗaurawa da auna inji

Sandunan eriya su zama masu kauri, a ɗaure su a kan nauyin baya, su ɗara rufin ɗakin afareta tsawo. Tazarar eriya biyu kada ta gaza mita biyu, ga dalili: kuskuren santimita ɗaya a tazarar mita biyu yana karkatar da alƙibla da kusan digiri 0.3, wanda a nisan mita 10 ya zama santimita biyar a gefe. Ƙara tazara, kuskure ya ragu. Kafin walda a cire batir da kwamfutar injin, kuma kada a yi walda a jikin bum sai inda kamfanin da ya ƙera ya yarda, don zafi a wurin da ke ɗaukar nauyi mafarin tsagewa ne. Wayoyi su bi bayan tiyon haidurolik, a bar musu sassauci a kowace gaɓa, sannan a miƙe hannu a naɗe shi har ƙarshe ana kallo ko akwai inda waya ke ɗamewa ko gogawa.

Awon kansa a yi shi a ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, da na'urar safiyo mai auna kwana da nisa. Tef ba ya wadatarwa a babban inji. Ana auna tsakiyar kowane fin: na gindin bum, na haɗin bum da ƙaramin hannu, na bokiti, na ƙarfen juya bokiti, sai bakin haƙori, faɗin bokiti, da matsayin eriya biyu daga tsakiyar juyin inji. A buga ɗan tabo da fanci a tsakiyar kowane fin don duk wanda zai sake awo ya dawo wuri ɗaya.

Sai saita na'urorin karkata. Ta gangar jiki ana saita ta ne da karantawa, a juya inji rabin zagaye, a sake karantawa, manhaja ta raba bambancin. Ta bokiti ana rataya zare mai nauyi irin na magina daga fin ɗin bokiti, a juya bokitin har bakin haƙori ya zo daidai zaren, a danna. Kada a raina digiri 0.1: a hannu mai miƙa mita 10 santimita biyu ne saura kaɗan, a shebur mai miƙa mita 20 ninki biyu. Idan fin da bushi sun ci har bokiti yana kaɗawa, a gyara su tukuna. Na'ura ba ta iya lissafa lakwaf-lakwaf. Kowane bokiti kuma da nasa awon da nasa suna a allo, a rubuta sunan da fenti a jikinsa.

Zanen aiki

Masana ƙasa suna huda rijiyoyin gwaji, su auna kwaltar samfurin, su zana inda ma'adini yake da inda laka take. Injiniya ya fitar da zanen kowane mataki na rami, wanda a yashin kwalta tsawonsa kan kai mita 15: matakin daɓe (ƙasan rami), gangaren da zai kai ruwa ramin famfo, gindin bango da bakinsa, iyakar mai kyau da juji, da wuraren da aka hana shiga kamar bututu da hanyar wayar lantarkin shebur mai dubban volt. Wannan ake aika wa allo. Afareta yana ganin bokitinsa daga sama da daga gefe, da lamba mai faɗin saura nawa ya kai daɓe. Kowane zane ya ɗauki kwanan wata a sunansa, a goge tsoho daga inji da zarar sabo ya shiga. Haƙa daidai a kan zanen makon jiya ɓarna ce cikakkiya.

Gwajin kowace safiya

Idan za a bar komai a riƙe ɗaya, to wannan. Kusa da wurin kwanan inji a zuba kankare a dasa ƙusar ƙarfe, safiyo ya ba ta lambobi. Farkon kowane zubin aiki afareta ya ɗora haƙorin da aka zaɓa a kan ƙusar ya kwatanta abin da allo ya ce da abin da aka rubuta. Minti biyar ne. Amma taɓawa ɗaya ba ta isa ba. A taɓa da hannu a naɗe kusa da inji, a ja baya a taɓa da hannu a miƙe, sannan a zagayo ta ɗaya ɓangaren a sake taɓawa. Ga matsakaiciyar eskabeta, bambancin da ya wuce santimita biyar ya isa a tsaya; ga babban shebur ana iya sassautawa zuwa goma. A rubuta lambobin a littafi ko da sun yi daidai, saboda kuskuren da ke tafiya a hankali sai a shafin mako guda yake bayyana.

Yadda kuskuren ya fito shi ke nuna inda ciwon yake, kuma wanda ya iya karanta wannan ya rage wa kansa kiran injiniya daga nesa.

Idan kuskure iri ɗaya ne a duk taɓawa uku, kuma sauran injuna ma sun nuna shi, kada a taɓa inji. A tafi tashar tushe: an motsa eriya, ko an canza lambobi, ko an shigar da tsawon eriya ba daidai ba bayan ɗaukewar wuta. Idan inji ɗaya ne kawai ya nuna, a duba fayil ɗin daidaitawa da aka loda masa.

Idan kusa daidai ne amma kuskure yana girma da miƙa hannu, matsalar kwana ce. Na'urar bum ko ta gangar jiki ta goce, sau da yawa ƙusoshin mazauninta ne suka kwance da girgiza.

Idan kuskuren ya juya, ya kasance dama a wannan ɓangaren, hagu a wancan, to a ɗaga kai a dubi sandunan eriya. Reshen bishiya ko gefen tifa ya lanƙwasa ɗaya. Lanƙwasar da ido ba ya gani ta isa.

Idan kuwa lambar tana canzawa yayin da ake juya bokiti alhali haƙori bai bar kan ƙusa ba, awon bokiti ne: an zaɓi wani bokiti a allo, ko haƙori ya ci. Wannan na ƙarshe shi ne ciwon yashin kwalta, domin ƙwayoyinsa na ma'adinin kwaz ne, suna cin ƙarfe kamar dutsen wasa wuƙa. A ce haƙori ya ragu da santimita takwas ba a gaya wa na'ura ba. Ita tana lissafi da tsohon tsawo, sai ta ce an kai daɓe alhali saura santimita takwas. Daɓe ya tashi, ruwa ya kwanta inda bai kamata ba. Ranar da aka sa sababbin haƙora kuma, in an manta an bar gajeren awo, sai a zarce. Don haka awon haƙori yana tafiya tare da canjin haƙori, makaniken da ya canza shi ne zai sanar kafin ya bar wurin.

Abin da ke ɓata sigina

Allo yana nuna hali biyu. Idan ya rubuta Fixed, lissafi ya kama, ana kan santimita. Idan ya rubuta Float, kuskure na iya kai rabin mita ko fiye, ko da hoton bokiti yana nan yana motsi kamar lafiya. A wannan hali ana iya ci gaba da kwasar tsakiyar tudu, amma ba a gyaran daɓe, ba a bin iyakar ma'adini. A riƙa duba shekarun gyara, wato daƙiƙa nawa tun saƙon ƙarshe daga tasha. Ɗaya zuwa biyu lafiya. In ya haura goma, rediyo ya yanke.

Babban bango yana rufe rabin sama. A Atabaska abin ya fi tsanani saboda wurin yana wajen digiri 57 arewa, taurarin GPS kuma karkatar hanyarsu digiri 55 ce, don haka yawancinsu ta kudu suke bayyana. Shebur da bango ya tsaya masa ta kudu sai ya rasa su. GLONASS, mai karkatar digiri 64.8, shi ke cike giɓin. Mu a digiri 10 sama ta fi mana yalwa, amma muna da namu. A ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya, bayan faɗuwar rana saman sararin samaniya yakan hargitse ya sa sigina rawa, daga magariba zuwa wajen tsakar dare, musamman a watannin Maris da Afrilu da Satumba da Oktoba, kuma ya fi yawa a shekarun da rana ke tashe. Guguwar rana ta watan Mayun 2024 ta tsayar da taraktocin manoma masu aiki da RTK a Amurka ana tsakiyar shuka. Dabarar mai sauƙi ce: aikin da ke son daidaito a sa shi da safe, na dare ya zama kwasa.

Akwai kuma kamun ƙarya, inda allo ya ce ya kama amma ya kama ba daidai ba, yawanci kusa da bango ko jikin tifa mai mayar da sigina. Alamarsa daɓe ya yi tsalle da santimita 20 ko fiye a allo alhali inji bai motsa ba. A fita fili, a sa na'ura ta sake kamawa, a taɓa wurin da aka sani.

Ƙasa ma tana da nata. Da zafi yashin kwalta yana laushi, inji ya nutse ya karkata. Na'ura tana biye da wannan tunda eriya ta nutse tare da shi, amma daɓen da aka gyara da kyau tayoyin tifa za su kwaɓe shi kafin yamma, don haka tsawon daɓen da na'urar inji ta rubuta ba ya maye gurbin awon safiyo na ƙarshen mako. Da sanyi, inda awo ke sauka zuwa 40 ƙasa da sifili, wayoyi suna bushewa su karye, ƙanƙara ta rufe eriya. Namu kishiyar haka ne. Zafin Afrilu yana kashe allon da rana ke duka ta gilashi, a yi masa inuwa. Ƙurar hunturu tana shiga mahaɗar wayoyi, a rufe duk wadda ba a amfani da ita, kuma mai wankin inji kada ya saita bakin tiyo mai ƙarfi a kansu. Allon da ke mutuwa yana dawowa da kansa, kafin a zargi na'ura a auna wutar injin. Batir mai rauni ko alternato mai gajiya su ne kan gaba. Eriyar rediyon magana kuma a nisanta ta da eriyar tauraro da aƙalla mita ɗaya.

Malam afareta, allo ba ya ganin mutum, ba ya ganin tsagar da ta buɗe a bakin bango bayan ruwan dare, ba ya ganin bututun da ba a sa a zane ba. Ido yana kan bokiti da bango, allo kallon ɗan lokaci ne kamar madubin mota. A sa ƙarar gargaɗi ta yi aiki idan an kusa daɓe ko an shiga wurin da aka hana, don kada a riƙa sunkuyar da kai.

Lokacin miƙa aiki ga na dare, a rubuta masa abu huɗu a littafin inji: sunan zanen da ke kan allo, sunan bokitin da aka zaɓa, lambobin gwajin safe, da sa'o'in da sigina ta yanke tare da wurin da ake haƙa a lokacin. Wannan wurin shi safiyo zai fara aunawa da na'urar hannu washegari, kafin tifa ta hau kansa.